Baƙin Lallen Sabuwa

Shekara kusan arba'in, ba a kai amarya ɗaki a garinmu ba sai ƙafarta ta bi ta hannun Sabuwa. Garin namu ƙarami ne, yana tsakanin Illo da Lolo a ƙasar Bagudo, inda in ka yi tafiyar rabin awa a kan babur za ka ji an fara gaishe ka da Faransanci. Amma sunan Sabuwa ya fi garin girma. Daga Kende ake aiko mata, mutanen Dole Kaina su sa ta a kwalekwale su ƙetare da ita, har Madekali ta cikin Benin ta sha zuwa ƙunshi. Ni Salamatu na koyar a firamare shekara talatin da ɗaya, ba wanda ya taɓa turo mini ko jaki. Ita kuwa da ba ta san bihim ba, babur ke jiran ta a ƙofar gida. Nakan faɗa mata haka, ta ce to in ajiye alli in zo ta koya mini abin yi. Ƙawata ce tun muna wanke-wanke a bakin gulbi.

Ba ta yarda da lallen kasuwa ba. Tana da bishiyoyinta shida a bayan ɗaki, ita ke tsinke ganyen, ta shanya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe sau biyu. Ta ƙunsa miki yau, gobe ta sake, jibi ta sake, sannan ta kwaɓa gishirin lalle da tokar karan dawa ta shafe. Warin abin sai ya sa ki hawaye. Amma in aka wanke, tafin ƙafar ya yi baƙi wuluk kamar gindin tukunya, gefen kuma ya fita a miƙe ba karkata. Na sauran masu ƙunshi mako uku ya koɗe. Nata sai ya yi wata biyu yana nan, wani lokaci har uku. Ba ta da haƙuri da amare ko kaɗan. In yarinya ta motsa sai ka ji ta ce, "Ke, zamna wuri guda! In kin ɓata mani aiki, ko ango ya yahe maki ni ba ni yahewa."

A wurin mahaifiyarta, Inna Mero, ta gaji sana'ar. Muna 'yan shekara goma sha biyar wani baƙin tabo ya fito wa Inna Mero a dunduniya. Da farko an ɗauka tawadar Allah ce. Ya yi faɗi, ya kumbura, ya fashe, ya ƙi warkewa. An sa saiwa, an sa garin magani, an yi rubutu an sha, damina biyu tana jan ƙafa kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba a yi shekara biyar ba ƙanenta, Kawu Lauwali, masunci, ya ga baƙin layi a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na ƙafa. Ya ce kwalekwale ne ya buge shi. Yatsan ya ruɓe, shi ma ya bi 'yar'uwarsa.

Mutum biyu a gida ɗaya, kuma duka a ƙafa. Manya suka zauna suka yanke cewa wani abu aka binne musu a hanyar da ta tashi daga gidan zuwa gulbi, shi suke takawa. Aka kwashe iyalin kaf aka koma ɗaya ƙarshen garin. Gidan ubansu, da rijiyarsa da itacen mangwaronsa, aka bar shi ya zama kango, ko akuya ta shiga yara ba sa bin ta. Wata tsohuwa kuma ta ce lalle abu ne mai sanyi, yana tsare ƙafa daga abin da ta taka, don haka kada mace a gidan ta ƙara zama ba lalle a tafinta. Sabuwa ta riƙe wannan magana kamar farilla. Kafin na ƙafarta ya fara koɗewa ta ɗora sabo.

Kada ku ce ni da na yi makaranta na yi wani abin kirki. Ban ce uffan ba. Ina koya wa 'yan aji biyar yadda jini ke zagaya jiki, amma in zan je gulbi nakan zagaye kangon nan ta bayan masallaci.

Sabuwa ta auri Malam Sadisu, manomin shinkafa, mutum mai shiru. Ta haifi huɗu, uku suka koma suna ƙanana, aka bar mata ta farin, Najiba. Kun san kunyar ɗan fari a wajenmu. Sabuwa ba ta taɓa faɗin sunanta ba, sai "yarinyar nan". Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yaba ta, in Najiba ta faɗi ta fasa gwiwa maƙwabciya ce ke ɗaga ta. Wuri ɗaya kunyar ke ba ta hanya, ranar ƙunshi. Tun yarinyar na shekara biyar, duk ƙarshen wata sai ta zaunar da ita a tabarma, ta ɗora ƙafafunta a cinya, ta yi ta shafawa a hankali tana yi mata faɗan ƙarya. Aikin da take gama wa amarya a awa ɗaya, na Najiba sai ya ci rabin yini. Na daɗe kafin na gane cewa ba aikin ne ke da wuya ba, ba ta son sakin ƙafar ne.

Da Najiba ta girma, ita da Lukmanu, wani mai fataucin shinkafa daga Madekali, suka daidaita. Wasu iyaye za su yi ƙorafin an kai musu 'ya ɗaya tilo wata ƙasa. Sabuwa rawa ta taka. Ta ja ni gefe ranar buki ta ce, "Ƙawa, na huta. Ko ƙasar da za ta taka ba tamu ta ba. Wanda yab binne abinai, sai shi nemi takardar ƙetare iyaka." Muka yi dariya har da tafawa. Duk da haka ba ta saki hannu ba. Najiba kan zo bayan kowane wata biyu a sabunta mata, a nan ita ma ta koyi aikin tun daga daka har zuwa toka.

Shekara uku da suka wuce Malam Sadisu ya rasu, Sabuwa ta shiga takaba. Mai takaba ba ta ado, ba ta lalle, wata huɗu da kwana goma. Wannan ne karo na farko tun tana budurwa da tafin ƙafarta ya ga rana. Wata safiya a wata na huɗu na shiga gaishe ta, na same ta ta miƙe ƙafa tana tsintar wake. A dunduniyarta ta hagu na hango shi, baƙi, kamar ƙwallon tsamiya, gefensa ba daidai ba.

Na ce, "Ƙawa, mi na wanga?"

Ta ja zane ta rufe. Ta ce, "Na gani. Laihina na. Na bar ƙahwa tsirara wata huɗu, ƙaƙa ba za ni taka abu ba?"

Ranar da ta fita takaba, da hantsi, ni na kwaɓa mata lallen. Ni na shafa mata, na naɗe da tsumma, na ɗaure. Na ma ƙara kauri a kan dunduniyar don ya fi kamawa. Da wannan hannun da nake rubutu na yi. Ban san ranar da zan daina jin haushin kaina ba.

Shekara biyu ba wanda ya ƙara ganin tabon, har ita. Ta fara ɗingishi, ta ce kaushi ne. Ta fara barin jini a cikin silifa, ta ce faso ne. Sai da kaluluwa ta fito mata a matsematsi, ta yi tauri, ta ƙi faɗawa, sannan ta yarda na raka ta asibitin Bagudo. Can suka duba suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Birnin Kebbi. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, aka ce mu dawo bayan mako biyu.

Likitar da ta ba mu sakamako mace ce, siririya mai tabarau, Hausarta ta Kano. Ta ce sankarar fata ce, irin wadda ke tasowa daga abin da ke ba fata launi. A jikin baƙar fata ta fi son tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da ba mai dubawa. Sannan ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi. Ni na ba da labarin Inna Mero da Kawu Lauwali. Likitar ta ajiye biro.

Ta ce, "Mama, yawancin masu wannan ciwo ba gadonsa suka yi ba. Amma uwa, da kawu, ga ki ke kuma, dole in yi zargi. Kowa yana karɓar rabin halittarsa daga uwa, rabi daga uba. A cikin abin da ake karɓa akwai wanda aikinsa shi ne ya tsayar da ƙwayoyin fata in sun fara yaɗuwa ba kan gado. Wasu gidajen ana haihuwarsu da nasu mai rauni, kamar keke mai sakakken birki. Gwajin da zai tabbatar da haka ba ma yin sa a nan."

Sabuwa ta ce, "Likita, ba takawa anka yi ba?"

"Ba takawa ba ne, Mama."

"Lalle hwa? Ba shi tsarewa?"

"Lalle ba ya kawo shi, ba ya kuma hana shi. Ɓoye shi kawai yake yi. Da kin zo yana ƙarami a saman fata, yanke shi za mu yi mu ɗinke ki koma gida."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sabuwa ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "To in cikin jini shike, wadda nih haihwa hwa?"

Likitar ta ce yana yiwuwa ta ɗauko, yana yiwuwa ba ta ɗauko ba, kuma ko ta ɗauko ba lallai ciwon ya fito mata ba. Abin da za a yi shi ne a duba ta tun daga kai har ƙafa, a kuma riƙa dubawa. Ta tambaya ko ita ma tana ƙunshi. Na ce kwana goma ke nan da uwarta ta yi mata sabo, har da gishiri da toka. Ta ce to a daina, a bari ya fita tas, sannan a kawo ta.

Aka yi wa Sabuwa aiki. Suka cire rabin dunduniyar, suka yanko fata daga cinya suka lulluɓe. Suka buɗe kaluluwar suka tarar abin ya riga ya wuce nan. Likitar ba ta yi mana ƙarya ba, ta ce abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. A motar da ta dawo da mu, muna wuce Bagudo Sabuwa ta kau da kai. Tana kallon taga ta ce, "Mun bar gidan kakanmu ya rushe, da rijiya da komi. Ashe da ciwon munka tashi." Can kuma ta ce, "Kuma na kai shi Benin da guɗa."

Najiba ta zo jinya da goyonta, wata 'yar jaririya mai suna Zakiyya. Ƙafafunta baƙi ƙirin, aikin uwarta, ko alamar koɗewa babu. Daga ranar Sabuwa ta manta da ciwon kanta. Kullum da safe, kafin ta sha koko, sai a fito da ita tsakar gida a jingina ta da bango, Najiba ta ɗora mata ƙafa a cinya. Ta kawo dutsen goge kaushi, da lemon tsami, da sabulu, ta yi ta gurza. Matar da ta yi shekara arba'in tana neman yadda lalle zai ƙi fita, ga ta tana zagin lallen da ya ƙi fita. "Wane irin aiki na wanga niy yi? Kamar da ƙusa anka kahwa shi." In ta gaji ta ɗauki jaririyar, ta juya 'yan tafin ƙafarta tana dubawa, ta mayar.

Ina zuwa kowace safiya, don ba ni da inda zan sa kaina. Mako na biyu baƙin ya fara komawa ruwan ƙasa a gefe. Mako na huɗu ya yi ja. Sabuwa kuwa tana ramewa, tari ya kama ta, zoben da ke hannunta ya koma babban yatsa. Ba ta taɓa tambayata kwana nawa suka rage mata ba. Tambayarta ɗaya ce, "Ƙawa, idonki ya hi nawa. Ya rage?"

A mako na biyar Najiba ta je kasuwar Lolo sayen kifi, matan Madekali suka gan ta. Bayan kwana biyu saƙo ya zo daga surukarta, Hajiya Mariyamu. Ta ce ana tambayarta ko Lukmanu ya rasu ne ba a faɗa ba, tunda matarsa na yawo da farar ƙafa kamar mai takaba. Ta ce wannan mugun fata ne, kuma ga bukin ƙanwar Lukmanu ya matso, ba za ta shiga cikin dangi haka ba. Na yi ta faɗa a tsakar gida, na kira matar da sunayen da ba zan rubuta ba. Amma in zan faɗi gaskiya ba muguwa ba ce. Ɗa ɗaya namiji gare ta, yana bin hanya da mota dare da rana, tsoro ne irin wanda ya sa ni zagaye kango.

Ranar Alhamis ta mako na bakwai, ƙafar ta koma launin goron da aka tauna, fatar na bayyana. Ta hagu tas. Sabuwa ta ɗago ta dama ta karkata ta wajen rana, sai na ga hannunta ya tsaya. A tsakiyar tafin, inda ba ya taɓa ƙasa, akwai ɗigo baƙi, bai kai ƙwayar wake ba, gefe ɗaya ya ɗan ja kamar an goga da yatsa.

Najiba ta leƙa ta ce, "Lalle na, Inna. Bai ida hita ba."

Sabuwa ta matsa lemon tsami ta gurza. Ta sake gurzawa har wurin ya yi ja, Najiba ta ce wash. Ɗigon yana nan.

Ta ce, "Shekara arba'in ina wanga aiki. In nig ga lalle na san shi."

Na tuna musu abin da likita ta ce, yawancin irin wannan ɗigo tawadar Allah ce kawai, ba a sani sai an duba. In ma shi ne, ƙarami ne, yanzu ne lokacinsa. Muka tsayar da Litinin za mu kai ta asibiti. Najiba ta ce to. Ni na koyar da ita a aji uku, na san wannan "to" ɗin, shi take yi in ba ta yi aikin gida ba.

Da yamma na dawo na same su ba mai kallon wani. Najiba na zaune a kan turmi, idonta a kan ƙafar uwarta da ke naɗe da bandeji. Ta ce mini, "Gwaggo, ita da tat tai asibiti, mi sunka yi mata? Ta tai da ƙahwa biyu ta komo da guda da rabi, kuma ga ta nan. Kaka ba ta tai ba, ita ma ga inda ta ƙare. Mi ab bambanci?"

Na ce bambancin lokaci ne. Na yi bayani da ƙasa da sama, har zane na yi mata a ƙasa da tsinke. Ta saurara da ladabi. Da na gama ta juya ga uwarta ta ce, "Inna, ki yi mani ƙumshi na buki kawai. Ja, ba baƙi ba. In an ƙare buki ya hita, sai mu tai. Kwana nawa na?"

Sabuwa ta ce, "Ba ni yi."

"Inna, aurena hwa?"

"Ba ni yi. Hannuna ya ruhe ƙahwa guda, ya isa."

Ta juyo gare ni ta ce in ɗauko adda in sare bishiyoyin bayan ɗaki. Na ɗauka zafin rai ne. Ta sake faɗa. Na je na sare su shida, ina sara ina haki, tsohuwa da ni. Garin lallen da ke cikin ƙwarya ta sa na juye a kwata. Najiba na kallo, sai ta shiga ɗaki ta ba jaririyarta nono.

Ranar Asabar ta ce za ta leƙa gida ta ɗauko kaya ta gaida mijinta, ta dawo Lahadi don tafiyar Litinin. Sabuwa ta so ta hana, kunya ta riƙe mata baki, ta ce kawai, "Yarinyag ga, Lahadi hwa." Lahadi ta zo ba Najiba. Litinin na shirya na zauna da jakata har azahar. Na kira wayarta, tana shiga ba a ɗauka. Na kira Lukmanu, ya ce yana Kandi da kaya, lafiya lau ya baro ta. Talata Sabuwa ta ƙi cin komai. Laraba da sassafe ta ce, "Ƙawa, ni ba ni da ƙahwa. Ara mani taki."

Na hau kabu-kabu zuwa Lolo, na ƙetare, na sake hawa wani zuwa Madekali. Gidan ya cika da mata ana ta shirin buki, ga tukwane a kan wuta, ga masu daka. Hajiya Mariyamu ta tarbe ni da fara'a, ta kawo ruwa, ta tambayi mai jiki har da ƙwalla. Ta ce Najiba na bayan gida ƙarƙashin darbejiya.

Tana zaune a tabarma, ƙafafunta biyu a miƙe, naɗe da tsumma da leda har idon sawu. Tun kafin in ƙarasa warin gishirin ya bugi hancina. A gefenta ga ƙwaryar toka. Yini na uku ke nan.

Na tsaya a kanta na ce, "Wa yay yi maki?"

Ta ce, "Ni niy yi, Gwaggo."

"Baƙi?"

"Ja ba shi ruhe shi. Na gwada."

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Ban mare ta ba, amma na ɗaga. Ta dube ni, sai na ga ba taurin kai ba ne a fuskarta, tsoro ne tsantsa. Ta ce tun ranar Alhamis ba ta iya taka ƙafar ba tare da ta ji ɗigon ba, in tana salla shi take gani, in tana shayarwa shi take gani. Ta ce yanzu da ta rufe shi ta samu ta yi numfashi. "In ya hita za ni, Gwaggo. Wallahi za ni." Na zauna kusa da ita a tabarmar muka yi kuka tare, masu daka suna ta dakansu.

A hanyar dawowa na shirya ƙarya kala uku. Da na shiga na sami Sabuwa a inda na bar ta, jingine da bango. Ta dubi bayana ta ga ba kowa. Sai ta shaƙi iska, ashe warin ya kama zanena. Ƙaryata duk ta zube.

Ta ce, "Ta sa gishiri?"

Na ce ta sa.

"Da toka?"

"Da toka."

"Sau nawa taƙ ƙumsa?"

"Uku."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To ya kama. Hannunta ya hi nawa kyau, ban taɓa hwaɗa mata ba. Wata ukku ke nan." Ta yi tari mai tsawo, na riƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Ni ba ni da wata ukku, Ƙawa."

Ba ta da su. Bayan buki Najiba ta dawo ta ci gaba da jinya, tana sanye da safa duk zafin nan don kada uwarta ta gani. Sabuwa ba ta ƙara neman dutsen goge kaushi ba, hannunta ba ya iya riƙe ko ludayi. Ta rasu kwana talatin bayan tafiyata Madekali, ranar Juma'a da hantsi. Maganarta ta ƙarshe da ni, ta kama gefen mayafina ta ce, "Ki kai ta." Na ce zan kai ta. Na faɗa ne don mai mutuwa ta ji, don ba ni da iko a kan matar aure a wata ƙasa, kuma Najiba ta riga ta san hanyar da ake bi a daina gani.

Ranar sadakar uku gidan ya cika da matan da Sabuwa ta yi wa ƙunshin aure, wasu har da jikoki. Da la'asar ta yi Najiba ta cire safa ta yi alwala, ta shimfiɗa zane a gefen rumfa ta tayar da salla. Ina zaune a bayanta. Da ta yi sujada tafin ƙafafunta suka juyo sama, suna fuskantata. Na matsa kusa, na manta da mutane, na ƙura wa na dama ido, daidai tsakiya. Raka'a huɗu, sujada takwas, duk na duba. Ban san ko ya ƙaru ba, ban san ko yana nan yadda yake ba. Baƙi ne wuluk daga dunduniya har yatsu, ko'ina daidai, ban ga komai ba.